Muryar Baffa a Wayar Kowa

Aikina na lauya ba irin wanda mutanen garinmu suka sani ba ne. Ba na shari'ar gona, ba na rabon gado. Abin da nake yi ya shafi sirrin mutane a waya da intanet: wadda aka yaɗa hotonta ba da izininta ba, ko kamfanin da ya bar bayanan jama'a a buɗe kowa ya kwasa. In na je gida, ƙauyenmu da ke bakin babban kanal na ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure, aka tambaye ni, sai in ce ni lauyar waya ce. A yi dariya a wuce.

Wata rana ina ofis a Kano, wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta tana dariya har da hawaye.

"Saurari tsohon nan. Wallahi ya fi samarin yanzu iya soyayya."

Muryar dattijo ce, an ɗora mata kiɗa a ƙasa. Bai gama jimlar farko ba na gane shi. Baffana ne, yayan mahaifina.

Baffa malamin Islamiyya ne, shi ke limanci a masallacin unguwarmu, yana kuma noman tumatir da alkama da rani. Mutum ne mai tsare gida. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min, ni kuma ko ido ba na haɗawa da shi. Matarsa, wadda muke kira Inna, ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba. Ga shi a wayar nan yana kiran sunan, yana maimaitawa. Yana ce mata gidan ya yi masa faɗi, tuwo ba ya wuce masa, kada ta tafi ta bar shi. Daga nan sai kuka. A lokacin Inna tana kwance a asibiti a Kano an yi mata aiki, shi kuma tumatir ya nuna, ba halin ya zauna jinya, shi ne yake aika mata saƙon murya.

Na miƙa mata wayarta na ce, "Baffana ne." Dariyar ta tsaya mata a baki. Yadda ta shiga ba ni haƙuri ya ƙara sa ni jin kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ba a jima ba mahaifina ya kira ni ya ce Baffa yana nemana. Da na je ƙauye ban sami Baffa a gida ba. An ce min ya daina jan salla, wai maƙogwaro ke damunsa, kuma daga asuba yana gona sai magariba. Can na iske shi a gindin mangwaro kusa da kanal, kwandunan tumatir a jere an rufe su da ganye. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon ruwa.

"Uwata, an ce wannan shi ne aikinki."

"Shi ne, Baffa."

"To, ki yi."

Tambayoyin da nake yi wa baƙi kullum ba tare da na ji komai ba, ranar sai da na yi ta tattaro su. Wa ya taɓa riƙe wayar? Ya ce ta faɗa masa a ruwa wajen ban-ruwa, ya kai wa wani mai gyara a kasuwar Kura, ta kwana a wurinsa. Na ce ya ba shi lambar buɗewa? Ya ce ya ba shi, ai gyara zai yi. Sannan na tambayi abin da na fi tsoro.

"Baffa, akwai wasu saƙonnin bayan wannan?"

"Akwai."

"Sai na ji su, don in san abin da ke hannun mutumin."

Ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye a kan kwando, bai miƙo min ba. Ya ɗauki fartanya ya shiga cikin kunyoyin tumatir ya ba ni baya. Na sa abin ji a kunne. Ina jin muryarsa yana tuna wa Inna ranar da aka kawo ta, da ɗan farinsu da suka binne, ina kuma ganin bayansa yana buɗe wa ruwa hanya a wurin da ya riga ya ƙoshi. Zufa ta jiƙa min hijabi. Da na gama na mayar da wayar inda na ɗauka, na tafi ko sallama ban iya yi ba.

Mai gyaran bai wahalar da mu ba. A gaban dagaci ya amsa cewa shi ya kwafa, wai aboki ɗaya ya tura wa. Na bayyana wa Baffa cewa doka tana bayansa, muna iya kai mutumin kotu.

"A gaban alƙali za a kunna abin?"

"Za a kunna. Amma zan roƙa a fitar da jama'a."

"Ke kina wurin?"

"Ni zan nemi a kunna, Baffa."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce a bar shi. Aka sa mai gyaran ya goge abin da ke hannunsa a gabanmu, ya rantse bai ɓoye kwafi ba.

Sauran aikin na yi shi daga ofis. Na rubuta wa masu dandalin da aka ɗora muryar, suka sauke wasu, wasu suka sake ɓullowa da sabon kiɗa. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane kuwa babu dokar da za ta ciro shi. Ni da kunnena na ji wani mai lodin tumatir a bakin titi yana kwaikwayon kukan, abokansa suna shewa. Na ja gilashin mota na rufe. Dole na koma na faɗa wa Baffa cewa iyakar abin da zan iya ke nan. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," kuma wannan addu'ar ta fi komai yi min nauyi.

Da aka sallamo Inna na je duba ta. Ta kori yara, ta ce in tura ƙofa. Ta fiddo wayarta daga ƙarƙashin filo ta ce an gaya mata saƙonnin murya irin waɗanda Baffa ya aiko mata suna ɓacewa in waya ta lalace.

"Ki sa min su inda ba za su ɓace ba. Kuma kada kowa ya iya buɗewa sai ni."

Na yi mata, kaina a ƙasa. Na sa mata kulle da ɗan yatsanta, na nuna mata inda za ta taɓa. Ta ce in gwada ɗaya ta ga ko ya yi. Na ce ya yi, Inna, na ɗauki jakata na fita.

Baffa bai koma limanci ba sai da damina ta faɗi. Har yau in na je gida ina gaishe shi, yana amsawa, amma tun daga ranar nan ta gona bai ƙara zama a wurin da nake ba. In na shigo zaure sai ya tuna yana da abin yi a waje.