Damina Ta Huɗu Ta Yaya Iliya Ce

Da daminar bana shekara arba'in da biyar ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Iliya. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya. Ni da nake bi masa ga ni na haura saba'in, gwiwa ta ƙi, karatu sai da tabarau, amma har yau in wani ya ce "Yaya" a kusa da ni sai na waiga. Duk shekara iyali kan taru a gidana a yi masa addu'a a watse. Bana ma an yi, sai dai ban ji ta ishe ni ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, kuma dukkanmu malaman firamare ne a garin nan, tun ana kiransa Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni mu koma Suleja. Shi yana koyar da aji shida, ni aji uku. Wata rana a 1976 hedimasta ya kira mu ofis ya miƙo mana wani ɗan littafi daga jami'a a Zariya. Kwasa-kwasan dogon hutu ne na malamai. Mutum zai je ya yi wata biyu da 'yan kwanaki, ya dawo aji, baɗi ya koma, har hutu uku, sannan a ba shi takardar shaida. Akwai zane da ƙira, akwai kasuwanci, akwai harsuna, ga ilimin siyasa da mulki. Muna fitowa Yaya ya fizge littafin daga hannuna, yana tafe yana karantawa har ya kusa afkawa kwata.

Faransanci yake so, kuma ba ranar ya fara so ba. Akwai wani tela ɗan Kwatano a kasuwa, Yaya kan kai masa wandon da ba abin da ya same shi, wai a rage masa ƙafa, don kawai ya zauna ya tsinci kalma biyu ko uku. A shekarar ne kuma aka ce za a kawo babban birnin ƙasa kusa da mu, sai abin nasa ya ƙaru. Yakan ce mini, "Garba, jakadun duniya za su sauka a bayan gidanmu. Wa zai yi musu sannu da zuwa? Kai, da Turancinka na aji uku?" Ni kuwa siyasa da mulki na zaɓa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ofis mai fanka nake hange.

Duka mu biyu aka ɗauke mu. Sai dai dogon hutu tsakiyar damina yake faɗowa, daidai lokacin maimai da huɗa, ga gandunmu a Chaza wanda gidanmu kaf daga shi ake ci. Idon Baba ya riga ya yi rauni. Ana iya ɗaukar 'yan ƙodago, amma gandun da babu ɗan gida tsaye a kansa sai dai a girbe ciyawa. Dole ɗaya ya zauna. A al'ada babba ne zai fara tafiya, kowa ya san haka, ni ma har na haƙura. Sai Yaya ya dube ni a gaban Baba ya ce, "Wannan huɗar tasa kamar tafiyar maye, in na bar masa gona yunwa za ta kashe mu. Je ka ka gama ukunka. Damina ta huɗu tawa ce." Baba ya ce, "An ji, Allah ya kai mu."

Haka na yi hutu uku a Zariya. Duk dawowa da sabon littafin kwasa-kwasai nake zuwar masa, shi ne tsarabarsa. Kafin ya tambaye ni hanya sai ya buɗe shafin harsuna ya duba ko Faransancin na nan, in ya gani ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce, "To, ɗan boko, ya karatu?" Tafin hannunsa duk kanta, ni nawa laushi kamar na jariri. Kowace shekara kuma sai ya rubuta musu wasiƙa cewa yana nan tafe, kada su manta da shi.

Da 1979 ta shigo Yaya ya sayi akwatin ƙarfe, ya ɗinka riguna biyu a wurin telan nan, ya riƙa ja na gona ran Asabar yana gyara mini riƙon garma. Ana cikin haka wasiƙa ta zo mini. Waɗanda suka yi ƙoƙari a kwas ɗinmu an ba su damar ƙarin hutu ɗaya, wanda zai buɗe musu ƙofar digiri, kuma sunana na ciki. Wasiƙar cewa ta yi bana ko baɗi. Da idona na karanta, ba sau ɗaya ba.

A gidajenmu ƙane ba ya tunkarar wansa da magana mai nauyi kai tsaye, babba yake nema ya shige masa gaba. Wannan ladabi ne, ba laifi ba ne. Laifina shi ne babban da na zaɓa. Kawu Jibo, ƙanen mahaifiyarmu, shi ya riƙe Yaya tun daga yaye har ya shiga makaranta. Yaya yana iya ja da Baba, yana iya ja da hedimasta, amma bai taɓa ɗaga ido ya dubi Kawu ba, balle ya ce masa a'a. Na san haka sarai. Na sayi goro na je na durƙusa, na ce wa Kawu in ban tafi bana ba damar ta wuce ke nan har abada. "Baɗi" ɗin nan da ke cikin wasiƙa ban ambace shi ba.

Kawu ya aika aka kira Yaya, ina zaune a gefe. Ya ce, "Iliya, ɗan'uwanka ya kusa kai gaci. Ka ƙara masa damina ɗaya, kai ne babba." Yaya yana tsugune, kansa a ƙasa. Ya ce, "To, Kawu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Washegari ya aiko mini da akwatin ƙarfen, wai nawa ya tsufa.

Sati biyar da tafiyata maciji ya sare shi a wurin huɗar dawa. Kafin 'yan ƙodago su fito da shi bakin hanya su sami mota ƙafar ta kumbura har cinya, bai kai asibiti da rai ba. Wani direba ɗan garinmu ne ya zo har Zariya ya sa aka fito da ni daga aji. Ko da na iso an kwana biyu da binne shi. Mutane suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ko yana Zariya ranarsa ba za ta wuce ba. Amma wallahi sanin hakan bai taɓa sanyaya mini rai ba, don ni ne ya kamata a samu a kunyar nan riƙe da garma.

Na yi digirin, na shiga ofis mai fanka, har da na'urar sanyi daga baya. Jakadun da ya yi ta faɗa sun zo, ni da kaina na sha zama a taro da su, tafinta na juya Faransanci ina bin bakinsa da kallo kamar wawa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga garin nan yau. Gandun Chaza gidajen haya ne yanzu, Kwamba ko wurin ajiye keke sai an yi rigima, Gauraka kuwa da sassafe motoci ne maƙil da masu sammakon aiki Abuja. Na tabbata zai ce, "Ban gaya maka ba?" ya ishe ni da tsiya. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne jikata da ta nuna mini kwas ɗin Faransanci a cikin waya, ta ce ko a kwance ana yi. Sati biyu ta yi ta watsar, wai ba daɗi. Kai! Ban yi mata faɗa ba, tashi kawai na yi na shige ɗaki.

Me ya rage na Yaya? Bai bar gida ba, bai bar takardar shaida ba. Akwai dattawa a garin nan da har yau in mun haɗu a jana'iza sukan riƙe hannuna su ce Malam Iliya ne ya koya musu rubuta wasiƙa. Akwai 'yarsa, wadda ta tashi a hannuna, ta kuma aurar da nata 'ya'yan. Ni kuwa abin da ya bar mini maganarsa ce ta ƙarshe, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Kawu ya koma ga Allah bai ji ta ba.

Ranar da zan tafi shi ya ɗauko mini akwatin har tasha, ya miƙa wa masu lodi. Na shiga mota na zauna ta taga. Ya matso ya dafa ƙofa, babu dariyar nan tasa, ya ce, "Garba, hedimasta ya nuna mini kwafen wasiƙarka. Na ga baɗin." Ya ce, "Da ka zo da kanka ka ce Yaya ina so, ai ka san zan ba ka. Me ya sa ka kai ni gaban Kawu?" Direba ya ta da mota, na ce a raina in na dawo zan same shi mu biyu in ba shi haƙuri yadda ya kamata.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Tsoro ne ya sa na kai ka gaban Kawu, tsoron kada ka ce a'a, alhali ba ka taɓa ce mini a'a ba. Yau ban aiko kowa ba, ni ne da kaina. Daminar taka ce, na sani na karɓe. Ka yafe mini.