Jarmila da Kalmar Lahani

Shekara talatin da ɗaya Jarmila Kubátová ta yi tana fassara takardun Turanci a wata masana'antar murhun gas a garin Zlín. Mace ce mai kaifin baki, ba ta iya kwana-kwana ba.

Turawan Ingila sun daɗe suna ba ta haushi. Kalma kusan goma gare su ta faɗin aibin abu, kowacce sanye da rigar ladabi. Ita kuwa kalmomi biyu na harshensu take zuba su ciki: nevýhoda, cikas ɗin da ake haƙuri da shi, da vada, lahanin da ba a wasa da shi.

Wata Talata rahoto ya iso daga wani injiniya a Leeds ta Ingila. Ya ce sabon murhun yana da ɗan cikas: in ya ɗau zafi, gas na yoyo. Jarmila ta rubuta vada, ta ja layi a ƙasa.

Darakta Šebesta ya kira ta ofis.

“Madam Kubátová, Baturen nan cikas ya ce. Ke kin mai da shi gobara.”

“Yallaɓai, karanta gaba mana. Gas na yoyo! A kicin ɗin mutane!”

“Aikinki fassara ne. Canja kalmar, gobe masu kamfani za su gani.”

“Canja da hannunka. Ai ka yi wata uku a Landan, har yau kunnenmu bai huta ba.”

Ya canja kuwa. Ƙarshen wata aka miƙa mata furanni da kwalin cakulan, aka ce ta je ta huta, na'ura za ta riƙa yin aikin. Ta dire furannin a teburin mai gadi ta fita.

Tana isa gida ta rubuta wa injiniyan wasiƙa mai zafi, ta ce ladabinsa zai ƙone gidajen mutane, ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Mutumin ya ji kunya, ya sake rubuto rahoton ɓaro-ɓaro, kai tsaye ga masu kamfani. Aka janye murhun kafin sanyi ya shigo.

Šebesta aka yaba wa, wai ya nuna tsantseni. Ita ko waya ba a buga mata ba. Yanzu a gida take koya wa manya Turanci da rana, kuma duk ɗalibin da ya tambaye ta labarin masana'antar nan, ranar darasi ya tashi, sai faɗa har miyarta ta huce.