Ranar da Aka Wanke Gizo-gizo

Jiya mai sharar makarantarmu a Dutse ta ɗaga tsintsiya za ta kai wa wata saƙar gizo-gizo a kusurwar ofishina, sai na ji bakina ya ce, "Ƙyale shi, an wanke shi tuntuni." Ta dube ni tana jiran bayani. Ita ban yi mata ba, amma kai mai karatu, ga shi.

A ƙauyenmu, can wajen Miga, kakana shi ne ladanin unguwa, kuma lauyan gizo-gizo, ko da yake ba wanda ya ɗauke shi aikin. Hujjarsa ɗaya ce: halittar da ta yi saƙa a bakin kogo ta kare Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta fi ƙarfin tsintsiya. Kakata kuwa takan share, ta ce ba ta gani ba.

Wata damina, gero ya fara fid da kai, ƙuraje masu ruwa suka feso wa kakana a haƙarƙarin dama, a jere daga baya zuwa ƙirji. Kowa ya san sunan abin: fitsarin gizo.

"Malam," in ji kakata, "ga tukuicin abokinka."

Cikin 'yan makonni ƙurajen suka bushe, fata ta koma lafiya lau a ido. Amma wutar ba ta mutu ba. Har yau ina jin warin man shanun da ake shafa masa, da yadda yake zama a zaure da zane kawai, yana kare gefensa daga iska. In riga ta taɓa wurin, kamar garwashi. Ga ƙaiƙayin da susa ba ta kai masa.

"Amarya," yakan ce mini, don haka yake tsokanata, "a ƙarƙashin fata abin yake, farce ba ya isa can."

Ladan ba ya kiran salla ba riga, sai wani maƙwabci ya karɓi aikin. Masu zuwa dubiya su leƙa, su ga fata sumul, su fita suna raɗa cewa tsufa ya fara taɓa kan Malam. Yana ji. Wannan ya fi ƙunar ci masa rai.

Da aka gama girbi, kawuna ya kai shi asibiti a Dutse. Aka tafi da ni, aikina a mota in riƙe rigar da yatsa biyu kada ta taɓa fatar. Likitar, wata matashiya, ta tambaye shi ko ya taɓa yin ƙarambau.

"Tun ina kiwon awaki," ya ce.

Ta ce to, ƙwayar cutar ce ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, da ƙarfi ya ja baya ta farka. Ƙurajen sun warke, jijiyar ce ba ta huce ba.

"Wato ba gizo ba ne?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"Kuma ba kaina ba ne?"

"Ciwo ne na gaskiya, Baba, kuma akwai maganin da ke rage shi."

Ya nuna kawuna. "'Yata, maimaita da ƙarfi, yaron nan ya kai wa uwarsa."

Sauƙin a hankali ya zo, wata bayan wata. Kakata ta zaro wata tsohuwar taguwa da wanki ya cinye har ta yi laushi kamar auduga, ta farke gefen dama ta ƙara mata faɗi. Wata azahar a bazara muna tsakar gida muka ji muryarsa daga masallaci, da ɗan rawa-rawa, amma tasa ce. Kakata ta ajiye taɓarya har ya kai ƙarshe.

Bara abin ya fito wa mahaifiyata. Ba mu tsaya neman mai laifi a rufin ɗaki ba, washegari muna asibiti, kuma ƙunar ba ta zauna mata ba. Mutane har yanzu fitsarin gizo suke cewa, ni ma ba na gyara musu sai na ga sun ɗauko man shanu.

Kakata ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Ta ci gaba da shararta har ƙarshen rayuwarta. Sai dai akwai kusurwa guda a zauren Malam da kullum, in ji ta, tsintsiyar ba ta kaiwa.