Ranar da Kaka ta fasa gwangwanin Zamzam

Wata Laraba ce a bazarar 1976, ina aji uku a firamare. Na dawo gida ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa, sai na iske mutanen gidanmu tsaye cirko-cirko a ƙofar ɗakin Kaka. Na kutsa ta tsakaninsu, na ga Kaka zaune a kan tabarma, kyanwarta Fara a kwance bisa cinyarta. A gabanta ga ɗan gwangwanin Zamzam da ta zo da shi daga Makka, ta huda shi da ƙusa.

Jakar littattafaina ta suɓuce daga hannuna. Duk yaron gidan ya san wannan gwangwani. Shekara biyu yana ƙasan adaka, naɗe cikin likkafaninta, kuma ta sha faɗa mana cewa shi za a ɗiga mata a baki ranar da za ta cika. Ko da Baba, ɗanta na fari, ya kwanta zazzaɓi, ba ta taɓa shi ba.

Kwana huɗu kafin nan Fara ta ci ɓeran da ya ci guba, irin sabon maganin da Baba ya sayo saboda buhunan geronsa. Ta yi ta amai har muka fitar da rai. Kaka ta ɗura mata manja da nono, aman ya tsaya, amma ta ƙi shan ruwa. Mun sa mata a kasko, mun sa a ludayi, mun kwantar da ita a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, duk ta kau da kai. Harshenta ya bushe, idan ka ja fatar wuyanta sai ta tsaya yadda ka ja ta.

Baba ne ya fara magana. "Inna, Zamzam ɗin naki? A kan kyanwa?"

Kaka ba ta ɗago ba. Ta ciri auduga daga wadda take kaɗi da ita, ta tsoma, ta matsa a gefen bakin Fara. "Ni da sauran yawu a bakina," in ji ta. "Ita ce ba ta da shi."

Muka ga maƙogwaron Fara ya motsa. Innata ta dafe ƙirji tana salati, Baba kuwa ya juya ya fita zaure, ranar ko tuwo bai ci ba.

Gwangwanin bai kai magariba ba. Daga nan sai ruwan rijiya da romon kaza marar gishiri, kuma ni Kaka ta ɗora wa aikin. Na daina zuwa 'yar gala-gala, na zauna ina ɗiga wa Fara kaɗan-kaɗan daga sallah zuwa sallah, don Kaka ta ce in na yi gaggawa za ta shaƙe. A rana ta uku ta miƙe tana tangaɗi, ta je kasko da kanta. Har yau ina jin ƙarar lasar nan.

Yanzu an cike rijiyar gidan, an shafe tsakar gida da siminti, jikokina kuma ba su taɓa ganin ana kaɗi ba. Idan kyanwa ta leƙo ta katanga, korar ta suke yi da takalmi. Nakan buɗe baki in hana su, sai in rasa ta inda zan fara.