Wasiƙar da Kaka Ba Ta Kai wa Rahila Ba

Sunana Haruna. Ban yi makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana. Wannan ma faɗa nake yi, maƙwabcina Malam Isa yana rubutawa. Muna zaune a unguwar Hadayek el-Ma'adi a Masar, ɗakina na can saman bene kusa da tankin ruwa. Da rana ina wanke motoci a Ma'adi. Labarin kakata zan ba da.

A wani ƙauye na bakin kogi kusa da Sinnar aka haife ni, a Sudan. Kakata Dije, uwar babana, daga Zariya ta taso da nufin Makka, hanya ta ƙare mata a can. Maƙwabta na ce mata Habboba, mu muna cewa Kaka. Bayan sallar isha'i takan jawo murhun gawayi tsakar gida, ta zauna a bakin gadon igiya, ta ɗora kaskon gyaɗa. Ni ke fifita wuta. Ƙanwata Hajara ta kwanta a cinyarta tana wasa da wata jakar fata ƙarama da ke rataye a wuyan Kaka. Har yau in na wuce mai gasa masara a bakin tashar jirgin ƙasa na metro, ƙamshin gawayin nan na tsayar da ni. Ban san wani wuri da na taɓa zama ba tare da tsoro ba sai gaban murhun nan.

Tana da tatsuniyoyi na kura da na aljanun kogi. Amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi kamar sauran. Sai ta juya gyaɗa, ta ce, "Wannan ba zuwa za ta yi ku ji ta ba. Tana nan zaune tun da daɗewa." Da mun ji haka mun san na Garba ne, kakanmu.

Garba ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Da yaƙin basasa ya tashi a Najeriya aka ɗauke shi sojan ruwa saboda ƙarfinsa. Mutumin da ko iyo bai iya ba. Ya bar Kaka a Zariya da babana a goye.

"Ba harbi yake yi ba, maigidana," takan ce mini, don ni ta mayar mijin wasa. "Ƙofa yake tsarewa. Ƙofar ruwa."

Jirginsu na shawagi a bakin teku, inda koguna ke zubowa, don kada komai ya shiga wa mutanen da suka ɓalle, kada kuma komai ya fito. Wata da watanni ba su taka ƙasa ba. Garba bai iya rubutu ba. Wani abokinsa ɗan Jos ke rubuta masa wasiƙa, jirgin da ke kawo musu shinkafa da ruwan sha ya tafi da ita. Kaka ma ba ta iya karatu ba. Sai ta kai wa Malam Audu, wani tsohon akawu mai tebur a gindin bishiya gaban gidan waya. Ya gyara tabarau ya ce, "Yana gaishe ki. Yana lafiya. Abinci isasshe. Ki kula da yaro."

Wasiƙa ta ɗaya haka, ta biyu haka. A ta uku Kaka ta dubi takardar.

"Cike take gaba da baya," in ji ta, "amma karatu bai kai in gyara goyo ba ya ƙare. Na ce a raina, to, sauran baƙin nan fa, tururuwa ce ta bi ta kai?"

Akwai wata nas a ƙaramin asibitin unguwa, Rahila, inda take kai babana in yana tari. Ta kai mata. Rahila ba ta tsallake. Yatsa take sawa ta bi layi ɗaya bayan ɗaya, mai daɗi da mara daɗi duk da murya ɗaya. Daga ranar kowace wasiƙa sau biyu ake karanta wa Kaka. Malam Audu da safe, don ta samu ƙarfin tafiya. Rahila da yamma, don ta san abin da ake ciki.

A bakin Rahila ta ji cewa Garba ya yi sati uku yana amai. Ruwan sha da gwangwani ake auna musu. Aikinsu kankare tsatsa da shafa fenti, su gama wannan gefe wancan ya sake tsatsa. Ya ce yana marmarin ya taka ƙasa ko da kan ƙaya ne. Ya ce in ya tayar da salla yana fuskantar gabas, kafin ya yi ruku'u jirgi ya juya da shi. A nan Kaka kan miƙe ta kwaikwaye shi, ta ɗaure hannu a ƙirji tana juyawa a hankali kamar akuya a turke, tana cewa, "Ina gabas ta tafi, jama'a?" Hajara ta yi ta dariya har ta shaƙe da gyaɗa. Wannan wurin muka fi so. Mukan ce ta sake.

Ba ta sakewa. Sai ta zauna ta shiga zancen gishiri.

Wata safiya suka tare wani kwalekwale. Mata ne a ciki, da buhunan gishiri da busasshen kifi a ƙarƙashin ganyen ayaba. Hafsansu ya ce a zubar a ruwa. Garba ne ɗan dako, shi aka sa.

"Don gishiri, Kaka?" na taɓa tambaya.

"Don gishiri. Can ciki yara na kumbura, gashinsu na ja. Abin da kake gani a kan tire a kasuwa, can rai ne."

Akwai wata dattijuwa a kwalekwalen. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba. Da Garba ya ɗaga buhu na ƙarshe, ta zura hannu inda ya yage, ta cika bakinta da gishiri. Ta sake dumbuza ta ƙulle a bakin zane. Garba ya gani ya kau da kai. Daga nan ya jefa buhun.

A ƙarshen wannan wasiƙa ya sa aka rubuta, "Dije, ki tambayar mini malamai. Wanda ya tsare ƙofa har na ciki suka mutu, shi ma ya kashe? Ni ban taɓa harba bindiga ba." Malam Audu bai karanta wannan ba. Rahila ta karanta, ta ninke takardar, ta kira mai bin Kaka a layi.

"Kin tambaya?" in ji Hajara.

"Na tambaya. Wani ya ce soja umarni yake bi. Wani ya ce Allah ne masani. Na aika masa da na farkon."

Ni yaro ne, jirgin kawai nake ji a labarin. Da rana mukan je bakin kogi, in sa ɓawon kankana a ruwa in ce jirgin yaƙi ne. Hajara ta ɗora yashi a kan ganye ta turo. In tare, in kifar. Kullum ni ne Garba. Kullum ita ce mai gishiri. Wata rana ta ce mu yi musaya, na ce mace ba ta sojan ruwa.

Wasiƙa ta ƙarshe daban take. Ambulan ɗin daban, takarda biyu a ciki, rubutun ya fi na kullum ƙanƙanta. Malam Audu ya daɗe yana dubawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Sannan ya ce, "An canza masa jirgi. Za a daɗe ba a ji daga gare shi ba. Ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a." Ya ƙi karɓar ko goro a hannunta.

Wannan ba ta kai wa Rahila ba. Ta kai wa baduku ya ɗinke mata ita a cikin fata. Ita ce jakar da Hajara ke wasa da ita. Yaƙi ya ƙare, maza suka dawo, Garba bai dawo ba. Kafin wani ya zo ƙofar gida da wata magana, ta goya babana ta bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa, ta ce za ta je ta roƙa masa. Ba ta yi takaba ba. Ba ta sake aure ba.

Mun sha tambayarta me ya sa ba ta kai wa Rahila ba. Wani dare ta ce Rahila aiki ya yi mata yawa. Wani dare ta ce rana ce ta yi zafi. Sau ɗaya tak, lokacin na fara tasawa, na matsa mata. Na ce, "Kaka, ke kika ce Malam Audu yana tsallake."

Ta tona gawayi.

"Na je har ƙofar asibitin," ta ce. "Na ji muryarta tana kiran marasa lafiya. Na juyo." Ta kama jakar wuyanta. "Maigidana, a cikin nan kakanka yana kan wani jirgi. Kai kake so ka sauko da shi?"

Na ajiye mafici. Ta ce, "Ku tashi, wuta ta mutu." Haka take rufe wannan labari kullum.

Ranar da ta rasu mata suka cire jakar kafin wanka. Babana ya farke ɗinkin, ya ce ko yanzu ne a karanta. Gumin shekaru ya cinye takardar, ta zama kamar ƙullu. Ko harafi ɗaya babu.

Na daɗe ina ganin Kaka ta yi rauni a nan. Na daɗe ina ce wa Malam Audu maƙaryaci a raina.

Sai yaƙi ya zo mana a Sudan. Hajara na aure a wani babban gari can yamma, mijinta tela, 'ya'yansu uku. Ni na fito ta arewa a bayan mota, ta hamada. Abin da na gani a hanya ba shi zan faɗa ba. Na iso Masar. Ita ba ta fito ba, aka yi wa garinsu zobe. Babu teku a can, babu jirgi. Motoci ne da bindigogi a kowace hanya, ba shiga ba fita.

In ta samu inda waya ke kamawa takan aiko mini da saƙon murya. Na ce alhamdu lillahi, ni ba mai tsallake mini layi, da kunnena zan ji. Ashe ita da kanta za ta tsallake. "Yaya, muna lafiya. Yara na gaishe ka. Kai dai ka ci abinci." Sai na koyi sauraron abin da ke bayan muryar. Da farko ina jin kaji, ina jin ƙarar tukunya, ina jin autarta na rigima. Kaji suka ɓace. Tukunya ta ɓace. Daga baya rigimar yarinyar ma ta ɓace. Mutanen da suka kuɓuto sun ce tunkuzar da ake ba dabbobi ake damawa a can. Hajara ba ta taɓa faɗa ba. Sau ɗaya kawai ta yi dariya, muryar a dushe, ta ce, "Yaya, ka tuna wasanmu na bakin kogi? Har yanzu ni ce mai gishiri."

Daga nan shiru, wata biyu.

Wata Juma'a saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. Ba murya ba, rubutu ne da Larabci. Ina jin Larabci, ban iya karanta shi ba. Bayan salla na tare Ustaz Bashir, wani mutumin Kano da ke karatun addini a nan, shi ke ja mana salla a ƙaramin masallacin layinmu. Na miƙa masa wayar. Ina kallon babban yatsansa. Sau biyu ya ja rubutun sama kafin ya kai ƙarshe. Ya koma farko. Ya gyara hula.

"Malam Haruna, ana gaishe ka," ya ce. "An ce sun bar gidan, sun koma wani wuri. Ba waya a can. A yi ta addu'a."

"Shi ke nan?"

"Khalas, shi ke nan." Ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya dafa kafaɗata. "Ma'alish."

Ba a ce wa mutum ma'alish, wato ya yi haƙuri, don ƙanwarsa ta sake gida. Tun ranar, in ya hango ni sai ya tsallako titi ya gaishe ni. Matarsa ta aiko mini da tuwo sau uku. Da can ba ta taɓa ba.

Yau kwana goma sha tara. Masu karanta Larabci sun cika garin nan, daga mai shayi har direban bas. An ce wayar ma da kanta tana iya karantawa da murya in an danna wani wuri. Ban danna ba. Ina wanke mota, wayar na aljihun ƙirjina, daidai inda jakar Kaka ke zama.

Wani lokaci ina tunanin waɗanda suka tsare hanyoyin garin. A cikinsu akwai wani ɗan dako da aka ɗauka don ƙarfinsa. Yana gajiya da zama, yana marmarin abincin gida, yana aika wa matarsa cewa yana lafiya. Wataƙila ya taɓa kau da kai sau ɗaya. Jinin irinsa ne a jikina, kuma ni na zaɓi in zama shi tun ina yaro. Tambayar da Garba ya aiko, har yau ba wanda ya amsa ta. Ƙarfin fushi ma ba ni da shi.

Na daina ce wa Malam Audu maƙaryaci. Bai ɓoye wa Kaka komai ba, ta gani a goge tabaransa kamar yadda na gani a yatsan Ustaz. Wuri kawai ya ba ta da za ta tsaya. Ta tsaya a nan har ta mutu, ta raini babana, ta soya mana gyaɗa, ta yi mana juyin alƙibla muka yi dariya.

Yanzun nan Malam Isa ya ajiye biro. Ya ce, "Haruna, ai na iya Larabci. Ba ni in duba maka."

Na ce masa ya ɗauki bironsa. Rubuta, Malam. Hajara ta koma wani wuri. Ba waya a can.