Kanti Mai Yankakken Kunne

Kantin kakanmu yana nan har yau a bakin hanyar kasuwar Bodinga. Ginin tubali ne, kaurin bangonsa kamu biyu, rufinsa azara, da indararo biyu masu zubar da ruwa ta baya. Ko rana ta take, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Aibinsa ɗaya ne: kusurwarsa ta gabas ba ta cika ba, an lanƙwasa ta. Yara suna kiransa kanti mai yankakken kunne, ni kuwa abin yana yi mini ciwo, har dambe na sha yi a kai.

Ban tashi na tarar da kakan ba. Kakarmu muka sani, Nenne, Bafulatanar Shagari mai bakin tsiya. In sanyi ya shigo, bayan tuwon magariba takan hura wuta da kara a tsakar gida, mu kewaye ta tana gasa mana gyaɗa. Ran nan na dawo da kumburarren leɓe. Da ta ji dalili, sai ta yi dariya har da share hawaye.

"Saboda kunnen kanti anka hwasa maka baki? To ku matso. Ga ta nan, ta taho da ƙahonta."

"Ta iso mu ji ta!"

Wai Gizo ne ya sami fili a bakin burtali, hanyar da shanu ke bi. Son banza ya sa ya gina kanti mai kusurwa huɗu cif, ya ci kamu uku na hanya. Su kuwa shanu ina ruwansu da iyaka? Duk wadda ta zo sai ta sosa ƙaiƙayinta da kusurwar. Damina na faɗuwa kusurwa ta zube. Ya sake ginawa, ya jibga ƙaya, ta sake zubewa. A shekara ta uku yana tsaye da sanda yana zagin shanu, sai wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta.

Nan Nenne ta siranta murya. "Tac ce mai, 'Kai Gizo, da kai da hanya, wa yar riga wani zuwa nan?' Tac ce, 'To gewaya mata, ita ba ta iya gewaya maka.'"

Gizo ya rushe kusurwar da hannunsa, ya lanƙwasa ta, ya shafe da makuba. Bango ya daina zubewa, makiyaya kuma suka fara tsayawa sayen gishiri da kanwa.

"Mai nonon fa?" na tambaya.

"Oho. Wataƙila Gizo ya bi ta har ruga da ƙwaryar goro. Ƙurunƙus, wuta ta mutu, kowa shi nemi tabarma tai."

Da yake kaina ba ya ja, na ɗauke ta tatsuniyar Gizo kawai, na ci gyaɗata.

Bara ni da yayana Sani muka tashi gyaran kantin, Nenne ta daɗe da rasuwa. Magini ya ce a cike kusurwar da bulo, a sami wurin ajiye firji. Ni na fara amincewa, don tsohuwar kunyar nan ba ta sake ni ba. Ana cikin haƙa sai ya kira ni.

"Malam, zo ka gani. An taɓa gini nan."

Ga layin duwatsu a binne, tsohon harsashi mai kusurwa cif, ya shiga hanya kamu uku. Na tsaya ina kallo, sai dariya ta ƙwace mini, hawaye suka biyo ta. Ashe duk daren nan Nenne mijinta take tsokana a gabanmu, tana kewarsa.

Na ba Sani labarin. Ya ce, "Shanu nawa ka bin hanyag ga yanzu?" Na ce ko ɗaya ce, ta riga mu zuwa. Ya daɗe yana duban duwatsun, sannan ya ce da magini ya mayar da ƙasa.

Firji yana bayan ƙyaure, a matse. Ranar kasuwa garke yakan wuce, ya bi lanƙwasar nan sumul. Da ina ganin abin da aka yanke wa kantin hasara ne. Yanzu na san ba don kamu ukun nan ba, da ba a haife ni ba. In na shafa wurin nakan ji santsi, ban kuma san wanda ya goge shi ba, hannun kakana ko cikin shanun dangin kakata.