Ƙwas a Ƙarƙashin Tebur

A gidan rediyon nan an fi sanin tafin ƙafar Dalma da fuskarsa. Shekara ashirin da shida yana aiki, kuma yawancinsu a kwance ya yi su a ƙarƙashin tebur, tocila a baki, ƙafafu a waje, safa ɗaya ta huje a dunduniya. Mai nemansa ƙafafun yake gaisarwa, su kuma su ɗan motsa, an amsa ke nan. Dalmar da yake liƙe wayoyi da ita ce ta ba shi suna, har matarsa ta gaji da musu ta bi sahu.

Yaya, mai gabatar da shirin lafiyar iyali da safe, ta riga shi zuwa gidan da shekara huɗu, don haka a gabanta ya yi furfura. Ta san a shagon gyaran rediyon mahaifinsa ya koyi sana'a, a can kuma ya ƙona babban yatsansa na hagu. Ta san 'ya'yansa huɗu, duk mata. Ta san dokokinsa, don ba ya gajiya da maimaita su: wayar wuta ba ta jerawa da wayar sauti, in ba haka ba lasifika ta yi ta gurnani, kuma duk wanda ya karya ƙafa ta uku a jikin fulogi, wato ta ƙasa, to ya nemi wani abokin. Kowace waya yana ɗaure mata zaren da ya sato a keken ɗinkin matarsa. Ja na wuta, kore na sauti, rawaya na wayoyin umarni, masu gaya wa jar fitilar ɗakin shiri ta kama idan an buɗe makirufo. A gidansa kuwa soket ɗin kicin wata bakwai yana reto, har matar ta yi rantsuwar za ta bugo waya cikin shirin Yaya ta kai ƙararsa.

Ita Yaya tana da abin da take ɓoyewa. Shekara biyu ke nan idanunta suna dushewa. Jar fitilar ta daina ganinta sosai, balle hannun mai kula da miksa, wato na'urar haɗa sauti, da ke yi mata alama ta bayan gilashi. Takarda ba ta dame ta ba, tun asali da ka take shirinta. Abin da ya rufa mata asiri shi ne wani ɗan motsi a jikin teburinta: da zarar an tura maɓallin makirufonta sama, sai ta ji ƙwas a tafin hannunta, ta yi sallama ga masu sauraro. Ba ta taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Ta ɗauka halin tsohuwar miksar ne, kuma kullum tana gode wa Allah da ya sa aka yi ta da wannan halin.

Sai aka sayo sabuwa.

Kwana uku Dalma ya yi yana haɗa ta. Ya ja mata wuta daga layinta ita kaɗai, ya gwada wayar ƙasa sau ba adadi, ya hana kowa kusantar makunni har sai da ya gamsu. Ranar da aka fara aiki da ita sauti ya fita fes, manaja ya yi ta yabo. Yaya kuwa ta zauna, hannu a kan tebur, tana jiran ƙwas. Shiru. An buɗe makirufo tun tuni, gari duka yana jin numfashinta, daga baya ma aka ji ta ce, “Wai yau lafiya kuwa?”

Manaja ya kira ta ofis. Mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. “Yaya, wata zai ƙare ranar Alhamis. In abin nan ya sake faruwa, ina ganin ki huta hakanan, mu ba wata shirin.”

Ta fito tana lalubar bango, abin da ba ta taɓa yarda a gan ta tana yi ba. Tsoro ya kama ta sosai. Shirin nan shi ne ke tashinta da asuba tun rasuwar mijinta, ba ta san me za ta yi da safiya ba in babu shi.

Washegari ta zo da wuri, ta yi tuntuɓe da ƙafafu a ƙofar ɗakin shiri.

“Dalma, ni da kai wa ya fi wani rashin gani? Ka baje ƙafafu a hanya.”

“Yi haƙuri, Yaya,” muryarsa ta fito daga ƙasa. “Zauna, ki ɗora hannunki inda kika saba.”

Ta zauna. Ya ƙwala wa mai kula da miksa kira, ya ce masa ya tura maɓalli. Ƙwas! Sai da katakon ya motsa a tafinta.

“Ka dawo da tsohuwar ne?”

Ya jawo jikinsa waje yana kakkaɓe riga. “Tsohuwa tana sito. Wannan ɗan makunni ne, mu rile muke ce masa, shi ke kunna jar fitila a da. Sabuwar ba ta buƙatarsa, da kanta take kunnawa. Jiya na nemo ramin umarninta na bayan nan, na ja rawayar waya biyu, na ba shi 'yar wutarsa daban don kar ya sa mana gurnani. Laifina ne, Yaya. Hankalina ya tafi kan wuta, na manta da shi.”

“To shi makunnin fitila me ya kawo shi jikin teburina tun farko?”

Ya naɗe guntuwar waya a yatsa. “Da can a cikin akwatin bango yake. Bara waccan na ga kin fara karkata kai kina neman fitilar, sai na dawo da shi nan na ɗaure da kusoshi.”

“Shekara biyu? Ba ka gaya wa kowa ba?”

“Wa zan gaya wa? Ke ma ba ki gaya mini ba.”

Yaya ta shafa katakon teburin da tafin hannunta. Ashe abin da take gode wa Allah a kansa kowace safiya ta hannun mutumin nan ya zo mata, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ambace shi a ƙarshen shiri ba. Kunya da godiya suka cika mata ƙirji lokaci ɗaya.

“Allah ya raya maka 'ya'yanka mata huɗun nan, Dalma.”

“Amin. Amma ki je a duba idon nan, Yaya. Waya ba ta yin wannan aikin.”

“Zan je, ranar Alhamis ɗin ma. Kai kuma ka gyara wa baiwar Allah soket ɗinta.”

Ya yi dariya, ya kwashi kayansa ya fita ya ja ƙofa. Ƙarfe bakwai ta kusa. Yaya ta goge idonta da gefen mayafi, ta gyara zama, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan katako tana jira.